Kunamar Da Ta Harbe Ni Ranar Sakamakon Kansila

Ko zan manta da komai a duniyar nan, ba zan taɓa mantawa da yammacin da aka faɗi sakamakon zaɓen kansilan mazaɓarmu ba. Har yau in abin ya faɗo mini a rai, ko ni kaɗai ce a ɗaki, sai na ja mayafi na rufe fuska.

Bari in fara gaya muku aibina, don ku gane yadda aka yi. Ni mai guɗa ce. Ba irin ta 'yan matan yanzu ba, wadda za ka rantse wutsiyar mage aka taka. Tawa ta gado ce, wajen kakata na samo ta. In na toshe hanci na rangaɗa ta a gidan biki, har zabin bayan gari sai sun tashi. An taɓa zuwa ɗaukata a kan babur tun daga Bici don kawai in raka amarya. Matsalarta ɗaya ce: ba ta neman izinina. Da zarar daɗi ya kai mini wuya, sai dai in ji ta a kunne kamar kowa. (Ranar da tunkiyarmu ta haifi tagwaye, sai da maƙwabta suka shigo suna tambayar wa ya sauka.)

Mazaɓarmu tana tsakanin Ɗambatta da Makoda, kuma rafi ne ya raba ta biyu. A hayin gabas aka haife ni, a hayin yamma nake aure. Da zaɓen ƙananan hukumomi ya ƙarato, mu mata ba mu wani damu da 'yan takarar ciyaman ba, don a fosta kawai muka san su. Ɗaya wani Alhaji ne dillalin shanu, mai hula doguwa kamar rumbu. Ɗayan kuma tsohon hedimasta ne, wanda in ya fara jawabi bayan azahar sai la'asar ta kore shi. Wannan duk can sama ne. Abin da ya shigo mana har cikin tukunya shi ne takarar kansila.

Jam'iyyar hedimasta ta tsayar da Yaya Lawan, yayana uwa ɗaya uba ɗaya, malamin firamare. Shi ya riƙe mu bayan rasuwar Baba, kuma kekensa ya sayar ya yi mini gadon aure. Jam'iyyar Alhaji kuwa ta tsayar da Nasiru mai injin niƙa, ƙanin maigidana, autan surukata Inna, abokin wasana wanda kullum sai mun tsokani juna kafin in ba shi tuwo. Kowannensu ya yi alkawarin kwalbati a rafi da rijiyar burtsatse, kuma kowa a hayinsu yake nuna inda za a haƙa rijiyar.

Ran nan Inna ta kira ni ɗakinta. Tsohuwa ce 'yar siririya, ba ta ɗaga murya, amma in ta kalle ka sai ka tuno laifin da ka yi bara.

Ta ce, “Zauna, 'yar nan. Na san ɗan'uwanki ya fito. Ban hana ki son naki ba. Amma mace, inda murhunta yake nan ne garinsu. Wa za ki yi?”

Bakina bai ko yi shawara da ni ba. Na ce, “Haba Inna! Wallahi yatsan nan nawa a kan Nasiru zai sauka.”

Ta ce, “Madalla. To ke ce shugabar matansa.”

Da na je gida gaishe da mahaifiyata, Iya, ko ruwa ban gama sha ba ta ce, “An ce muryarki ake ji a taron su Nasiru.”

Na ce, “Iya, maƙogwaro ne kawai na ba su aro.”

“To yatsan fa?”

“Wallahi Iya, a kan Yaya zai sauka.”

Kun ga rantsuwa biyu ke nan, yatsa kuma ɗaya. Na kai ƙara wajen maigidana, Malam, mutumin da maganarsa ta yini guda ba ta cika cokali. Yana gyara wa yaran makarantarsa allo ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Allah Ya ba mai rabo sa'a.” Shawarar da na samu ke nan.

Haka na yi kamfen ɗin Nasiru tsakani da Allah. Gida-gida muke bi da ƙullin gishiri da sabulu, ina gaba, ina cewa, “Ku zaɓi mai niƙa muku gari, kada ku zaɓi mai niƙa muku Turanci.” (Ni na ƙirƙiro wannan habaicin, a kan yayana, Allah Ya yafe mini.) In na koma ɗaki kuwa, sai in ɗaga hannu in ce, “Ya Allah, Ka dubi Yaya Lawan.”

Ranar zaɓe aka miƙo mini takarda biyu, ta ciyaman da ta kansila. Ta ciyaman ban ɓata lokaci ba, mai doguwar hula na dangwala wa, don ko ba komai ya yi kyau a hoto. Da na zo kan ta kansila, sai na tsaya ina kallon alamomin nan biyu kamar su ma suna kallona. Can wata dabara ta faɗo mini, wadda a lokacin na ɗauka ko alƙali bai kai ni basira ba. Na dangwala wa Nasiru, na ƙara shafo tawada, na dangwala wa Yaya. Rantsuwa biyu sun cika, ba kaffara a kaina. Na fito ina ɗaga yatsa, matan hayin yamma suna murmushi, matan hayin gabas suna murmushi, ni kuma ina jin kaina gwanar siyasa.

Da aka ƙirga a akwatinmu, Nasiru ne a gaba. A hayin gabas, Yaya ne. Saura akwatunan ƙananan unguwanni, waɗanda aka ce sai an haɗa a sakatariya, kuma sai washegari za a faɗa a rediyo.

Washegari bayan la'asar, tsakar gidan Inna ya cika da mata. Lokacin cirar gyaɗa ne, an jibge ta da ganyenta a gefe, muna zaune muna tsinka don kada zaman jira ya tashi a banza. An ɗora shinkafa a babbar tukunya. Nasiru ya sayo bunsuru an ɗaure a ƙofar gida, makaɗa kuma suna zaune a gindin darbejiya da kalangunsu, suna jiran a ce musu bisimilla. Shi kansa gwanin ya ce zuciyarsa ba za ta iya sauraron rediyo ba, ya shige ɗakin zaure da babbar rigarsa ya turo ƙofa, ya ce a kira shi in an gama. Rediyon Inna kuwa an ɗora ta a kan turmi a tsakiyarmu kamar amarya.

Aka fara da ciyaman. Hedimasta ya ci. Jam'iyyar su Yaya ke nan. Inna ta ci gaba da tsinkar gyaɗarta, ta ce, “Ciyaman daban, kansila daban.”

Mai sanarwa ya shiga karanto mazaɓu ɗaya bayan ɗaya, yana jan kowane suna kamar ana biyansa kuɗin jan. Na cusa ɗanyar gyaɗa a baki, na sunkuyar da kai, ina ce wa raina, ko wa aka kira, ke dai ki yi shiru. Sai ga sunan mazaɓarmu. Sai na ji an ce, “Malam Lawan.”

Abin da na tuna kawai shi ne keken nan. Na hango Yaya yana tafiya makaranta a ƙasa, da takalminsa mai faci, shekara da shekaru, saboda gadona. Wani abu ya taso mini tun daga cibiya. Ina cikin haka sai na ji wata ta rangaɗa guɗa, doguwa, mai zaƙi, har da karkarwa a ƙarshe. Na ce a raina, wace marar kunya ce wannan, a tsakar gidan wanda ya faɗi? Na ɗago don in ga ko wace ce, sai na tarar kowa ni yake kallo. Yatsuna biyu suna kan hancina.

Da abin ya tsaya nan, da da sauƙi. Makaɗan da ke waje ba su da rediyo, ni ce rediyonsu. Duk tsawon kamfen sun saba, in na yi guɗa to alheri ne ya samu Nasiru. Kafin in sauke hannu kalangu ya ɗauka. Samari suka ta da babura suna ihu, “Sai mai inji!” Wani ya kwanto bunsuru yana neman wuƙa. Sai ga Nasiru ya faɗo tsakar gida a guje, hula a karkace, hannuwa a sama, babbar riga tana kaɗawa, yana cewa, “Inna, mun ci? Inna, mun ci ko?”

Rediyo kawai ke magana, ta riga ta wuce mazaɓa ta gaba. Ya dubi fuskar Inna, ya dubi tawa, hannuwansa suka sauko a hankali. Wallahi har yau wannan saukowar hannun ita ta fi ci mini rai.

Mai hankali a nan sai ta durƙusa ta ba da haƙuri. Ni kuwa sai na sake jin irin basirar nan ta ranar zaɓe. Na kamo wutsiyar guɗar da ta rage mini a wuya, na lanƙwasa ta ta koma kuka, na zube kan ganyen gyaɗa na riƙe ƙafa.

“Wayyo Allah! Kunama! Kunama ta harbe ni!”

Nan take gida ya hargitse. Mata suka watse daga jikin gyaɗar, kowa tana kakkaɓe zani. Wata ta yage gefen ɗankwalinta ta ɗaure mini ƙwauri tamau, har sai da na ji ƙafar ta fara mutuwa da gaske. Wata ta goga mini albasa, wata ta kwarara kananzir, wata tsohuwa ta dage sai an ɗiga mini ruwan gishiri a ido, ta ce haka ake yi a garinsu. (An ɗiga. Hawayen da na yi daga nan ba na ƙarya ba ne.) Nasiru, bawan Allah, ya manta da faɗuwarsa, ya ɗauki sanda yana birkita ganyen gyaɗa yana neman kunamar ya kashe. Aka leƙa aka tsayar da makaɗa. Ni kuwa ina kwance ina nishi, ina ce wa raina, kin tsira.

Mutum ɗaya ce ba ta motsa ba. Inna tana nan a kan tabarmarta, tana tsinkar gyaɗa ɗaya bayan ɗaya. Sai da hayaniya ta lafa sannan ta ce, a hankali, “Wannan ba ta albasa ba ce. A kira mini Baba Wanzam.”

Na ce, “Inna, ai ya fara sauƙi.”

Ta ce, “Haka dafinta yake yaudara. Kwanta.”

Baba Wanzam tsoho ne tukuf, hannunsa yana ɗan rawa, kuma duk ƙauyen an san ba ya yin rabin aiki. Ya shigo da zabirarsa, ya tsuguna, ya ce, “Ina wurin, 'yata?”

Na duba ƙafar da sauri, na samu wani tsohon cizon sauro a idon sawu, na nuna. Ya matso da fuska, ya latsa, ya juya ƙafar, ya ce, “Hajiya, ni fa ban ga harbi ba.”

Inna ta ce, “Irin baƙar nan ce, ba ta barin shaida. Ka tsaga sosai ka kafa ƙaho. Dafin ya riga ya hau har maƙogwaro, ai duk gari an ji.”

Wata daga cikin matan ta yi tari irin na mai ɓoye dariya. Baba Wanzam ya zaro aska ya fara wasa ta a jikin fata, shau, shau, shau. Ya ce a riƙe masa ni. Mata biyu suka danne mini kafaɗa. Na dubi askar, na dubi hannun nan mai rawa, na dubi Inna, ita kuma ko ɗagowa ba ta yi ba. Da na ji sanyin ƙarfe a idon sawuna, ban san lokacin da na watsar da matan nan ba. Tsalle ɗaya na tsallake turmi da rediyon da ke kai, na zagaya bayan rumbu a guje, da ƙafafuna biyu lafiya lau, ɗankwalin da aka ɗaura mini yana jan ƙasa.

Daga can na ɗaga murya, “Wallahi Inna guɗa ce! Ba kunama ba ce, guɗa ce!”

Tsit. Har bunsurun da ke waje ya yi shiru.

Inna ta karkaɗe zaninta, ta ce, “Ai na sani. Kunama ta sha harbina tun ina budurwa, ban taɓa ganin wadda ake toshe wa hanci ba.”

Dariyar da ta ɓarke a gidan nan, na tabbata an ji ta a hayin gabas. Baba Wanzam ya mayar da askarsa yana girgiza kai, ya ce shi dai ko bai tsaga ba a ba shi goronsa. Nasiru ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya jefar da sandar, ya dube ni ya ce, “Shugabar matana ke nan.” Ya juya zai fita.

Bai kai zaure ba aka ji ƙarar babura da sallama. Ashe labarin kunama ya riga ya tsallake rafi, kuma kafin ya isa ya girma, an ce maciji ne, an ce ma ba na magana. Yaya Lawan ya baro taron murnarsa, ya ɗauko mai kemis a bayan babur, ya taho gidan abokin hamayyarsa ko tsayawa sa hula bai yi ba. A bakin zaure suka yi kiciɓis da Nasiru, mutanen da tun fara kamfen ko a jana'iza ba sa haɗa ido.

Inna ta ce, “A ce ya shigo, ai ɗa ne.”

Ya shigo ya durƙusa ya gaishe ta, yana haki, ya ce, “Inna, ina mai jikin?”

Ta nuna rumbu da haɓa. “Ga ta can, ta warke. Ka tambaye ta irin kunamar.”

Ba ni na ba da labarin ba, Nasiru ne, kuma bai rage komai ba, har da kwaikwayon yadda ya shigo da hannuwa a sama. Yana kaiwa nan shi ma dariya ta ƙwace masa. Yaya ya rasa inda zai sa fuskarsa, yana ba da haƙuri yana danne tasa dariyar, har dai ya kasa. Ya miƙa wa Nasiru hannu, Nasiru ya karɓa ya ce, “Allah Ya taya ka riƙo, Malam.”

Ganin fuskoki sun saki, sai na leƙo daga bayan rumbu don in wanke kaina. Na ce, “Ni fa ban ci amanar kowa ba. Ku duka biyun na dangwala wa.”

Suka juyo tare.

Yaya ya ce, “A takarda ɗaya?”

Na ce, “Ƙwarai,” har da ɗan alfahari.

Ya dafe kai. “Ai ƙuri'ar ta lalace. Ba ki zaɓi kowa ba ke nan.”

Nasiru ya ce, “Wato gishirina da sabuluna kika yi ta rabo, ke kanki ko ƙuri'a ɗaya ba ki kawo mini ba?”

Yaya ya ce, “Ni kuma har da mai niƙa Turanci!”

Wannan shi ne abu na farko da 'yan takarar nan biyu suka taɓa yin ittifaƙi a kansa, kuma a kaina aka yi shi. Inna ta ce tunda an riga an dafa shinkafa, ba za a zubar ba don rediyo ta yi magana. Aka yanka bunsurun, mutanen hayin gabas da na hayin yamma suka ci a faranti ɗaya. Ni aka sa rabon abincin, idona ɗaya jajir saboda gishiri, ƙafata tana warin kananzir.

Malam ya dawo daga gona ana cikin haka. Aka ba shi labari daga farko har ƙarshe, ya saurara, ya wanke hannu, ya ci shinkafarsa. Da zai tashi ya dube ni ya ce, “Sannu da jiki.” Haka ya yi ta gaishe ni kowace safiya har aka gama kaka, ko sau ɗaya bai yi murmushi ba.

Yaya ya yi kansilancinsa ya gama. Nasiru ya koma kan injinsa, kuma in na kai niƙa sai ya ce wa mutane su matsa, mai jinya ta zo. Guɗa kuwa ban daina ba, don ba ni da iko da ita. Sai dai yanzu duk bikin da na rangaɗa ta, sai an samu wata 'yar neman magana daga baya ta ce, “Ta murna ce, ko a kira Baba Wanzam?”

Abin da na koya? Malamai za su ce kada a yi ƙarya, kuma gaskiyarsu ce. Ni dai abin da zan ƙara wa 'yan'uwana mata shi ne: in har shaiɗan ya rinjaye ki a gaban surukarki, to ki zaɓi ƙaryar da ba a yi mata magani da aska.